Buhu mai ciki uku

A Gazawa da Agye da Gidan Rumji, ƙwaro ya daɗe yana tilasta wa manomi sayar da wakensa tun kaka, lokacin da kasuwa ta fi araha. In ya ajiye, kafin bazara duk ya zama ramuka da gari. In ya zuba maganin ƙwari kuma, iyalinsa ne za su ci. Ga shi a ƙasarmu wake shi ne kuɗin sayen hatsi idan rumbu ya ƙare, wanda duk ya ga 2005 ya san wannan.

Dabarar ta fito daga jami'ar Purdue ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1980 Larry Murdock da abokan aikinsa suka gwada ta a arewacin Kamaru: leda biyu masu kauri cikin buhun saƙa, kowace a ɗaure ta tam. Ƙwaro ya shaƙe ƴar iskar da ke ciki, ya daina ci, ya mutu. Daga 2007 aka fara yaɗa buhun da sunan PICS, kuma a Maraɗi Ibrahim Baoua, masanin ƙwari na INRAN wanda daga baya ya koma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, yana cikin waɗanda suka riƙe aikin.

Ni dai abin da ya fi burge ni yadda aka koyar ne. A bainar jama'a ake ɗaure buhun cikin ƙauye, da Hausa ake bayani, sai bayan watanni a sake taruwa a kwance shi, kowa ya sa hannu ya damƙo waken ya duba.