Daga bindigar tarkace zuwa bindiga marar lamba: tarihin ƙirar gida a unguwar Harlem

 A yau za mu yi tattaki ne zuwa Harlem, unguwar da ke arewacin tsibirin Manhatan a birnin New York na ƙasar Amurka, domin mu bi sawun wata aba da mu a nan gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu, wato bindiga ƙirar gida.

Idan aka ce ƙirar gida, mai sauraro a Kano ko Maraɗi zai tuna da adaka ko harba-ka-ruga ta mafarauta da 'yan tauri, wadda maƙeri ke zama ya ƙera a tsanake. To ta Harlem ba aikin maƙeri ba ce. Yara ne 'yan shekaru goma sha ke haɗa ta a ɓoye, a ƙarƙashin benaye ko a kan rufin gidajen haya. Amurkawa na kiranta zip gun.

Bari mu ɗan koma baya. A shekarar 1911 jihar New York ta kafa dokar da ake kira dokar Sullivan, da sunan ɗan majalisar dattawan jihar Timothy Sullivan wanda ya gabatar da ita. Dokar ta ce babu mai mallakar ƙaramar bindiga, irin wadda ake iya ɓoyewa a jiki, sai da lasisi. Wannan ya sa samun fistol a New York ya fi wuya a kan akasarin jihohin ƙasar, balle ga yaron da ko kuɗin takalmi ba ya da shi.

A daidai wannan zamani ne kuma Harlem ke cika maƙil. Baƙar fata daga jihohin kudu sun yi ta kwarara suna gudun wariyar launin fata, sannan bayan yaƙin duniya na biyu 'yan tsibirin Puerto Rico suka sauka a gabashin unguwar, inda da ma akwai 'yan asalin Italiya. Gidaje sun yi kaɗan, aikin yi ya yi ƙaranci, kowane layi kuma samarinsa na ganin nasu ne. Haka gungun matasa suka yi ta ɓullowa, irin su Dragons da Viceroys a gabashin Harlem. Idan ka ce 'yan daba ba ka yi nisa da gaskiya ba. A watan Nuwamba na 1948 mujallar Life ta buga hotunan da Gordon Parks ya ɗauka na wani saurayi ɗan shekara 17 mai jagorantar gungun Midtowners a Harlem, hotunan da suka nuna wa sauran Amurkawa irin rayuwar da waɗannan yara ke ciki.

Akasarin faɗan da wuƙa da sarƙa da kulki ake yinsa. Amma wanda ya zo da abin da ke yin ƙara yana fitar da wuta, wannan shi ne gwarzo a idon 'yan uwansa. Sai yaran suka shiga tattara tarkacen ƙarfe da guntun katako suna haɗa abin da zai harba harsashi ɗaya tak. Wasu ma a ajin koyon sana'a na makaranta suka riƙa yin aikin, malam na can bai sani ba. Abin ya yi suna har ya shiga wasan kwaikwayon nan na West Side Story, wanda aka fara nunawa a 1957.

To a nan ne kimiyya ta shigo, kuma a nan nake son mu ɗan dakata. Shin ka taɓa tambayar kanka abin da ke faruwa a cikin bindiga a lokacin da aka ja kunama? Albarushin da ke bayan harsashi ne ke kamawa da wuta, ya rikiɗe ya zama iska mai zafi cikin ƙiftawar ido. Wannan iska neman hanyar fita take yi. Ko a ƙaramin harsashin nan da ake kira .22, ƙarfin matsin na iya kaiwa sama da ninki 700 na iskar da ke cikin tayar motarka. Masana'anta na amfani da ƙarfe na musamman da aka auna aka gwada domin ya jure wannan matsi, ya tilasta wa iskar ta bi gaba kawai. Tarkacen da yaro ya tsinto a bola ba a yi shi don haka ba. Iska kuwa ba ta san abokin gaba ba, inda ta ga rauni nan take fasawa. Shi ya sa sau tari bututun kan tarwatse a hannun mai harbi, ko wutar ta dawo masa a fuska. Yara sun rasa yatsu, wasu sun rasa ido.

Akwai kuma batun saiti. A cikin bututun bindigar masana'anta akwai wasu zane-zane masu murɗewa, waɗanda ke sa harsashi ya fita yana jujjuyawa kamar katantanwar da yara ke wasa da ita. Wannan juyi shi ke riƙe shi a kan hanya. Bindigar tarkace ba ta da wannan, don haka harsashinta tangal-tangal yake yi, kuma bayan 'yan taku kaɗan Allah kaɗai ya san inda zai faɗa. A ganina wannan ne ya fi muni, domin wanda ke zaune a ƙofar gidansu yana shan iska na iya zama shi ne ya kwana a asibiti.

Waɗannan zane-zane na da wani amfani ga 'yan sanda. Suna barin tabo a jikin harsashi, kuma tun a 1925 Calvin Goddard da abokan aikinsa suka buɗe ofishi a New York inda ake kwatanta harsasai biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a gano ko daga bindiga ɗaya suka fito. Bututu mai santsi ba ya barin irin wannan sa hannu sosai. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Hukumomi sun gwada dabaru. A 1947 birnin ya kafa hukumar kula da matasa, wadda daga baya ta riƙa tura ma'aikata cikin layuka su zauna da gungun, su sasanta rigima kafin ta kai ga jini. Amma masanin tarihi Eric Schneider, a littafin da ya wallafa a 1999 kan waɗannan gungu, ya nuna cewa hodar iblis ta heroin na cikin abubuwan da suka wargaza su. Ita kuwa bindigar tarkace, abin da ya kashe mata kasuwa ba abin murna ba ne: ƙananan fistol masu araha ne na masana'anta suka cika gari a shekarun 1960. Wa zai sayar da yatsunsa alhali ga ta gaske a farashi mai sauƙi?

A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar taƙaita bindigogi, wadda ta wajabta wa masana'antu da masu shigo da kaya buga lamba a kan kowace bindiga. Da wannan lamba ake bin sawu daga masana'anta zuwa dillali zuwa wanda ya fara saya. Sai dai dokar tarayya ba ta hana mutum ƙera wa kansa ba, kuma ta wannan ƙofa ƙirar gida ta sake dawowa bayan shekaru kusan hamsin.

A watan Mayun 2013 wani ɗalibin shari'a a jihar Texas, Cody Wilson, ya nuna fistol da aka fitar da kusan dukkan sassanta daga na'urar nan mai ɗab'in abubuwa da roba bisa umarnin kwamfuta, wadda ake kira 3D. Kamfanoni kuma suka shiga sayar da sassan da ba a kammala ba ta intanet, suna cewa ai wannan ba bindiga ba ce tukuna. Mai saye ya ƙarasa a gida, babu lamba, babu binciken ko an haramta masa riƙe makami. Amurkawa suka raɗa mata suna bindigar fatalwa. Gwamnatin ƙasar ta ce a 2021 an kai wa hukumar ATF rahoton kimanin guda 20,000 da aka kama yayin binciken laifuka, wato ninki goma na adadin 2016.

Ka ga bambancin ke nan. Ta da tana cin mai ita, ta yanzu kuwa, musamman wadda aka haɗa da sassan ƙarfe na masana'anta, tana aiki kusan kamar ta kanti. Matsalar ta tashi daga ta ƙarfin ƙarfe ta koma ta bin sawu: ko an gano cewa harsashi daga wannan bindiga ya fito, babu lambar da za ta kai ka ga wanda ya saya.

A watan Oktoban 2021 gwamnar New York Kathy Hochul ta sa hannu kan dokokin da suka haramta irin waɗannan bindigogi a jihar. A 2022 hukumar ATF ta fitar da ƙa'idar da ta sa ake ɗaukar irin waɗancan sassa da ake sayarwa a haɗe a matsayin bindiga, kuma a watan Maris na 2025 kotun ƙolin Amurka ta tabbatar da ita da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu.

Ita kuwa Harlem, a watan Satumban 2023 'yan sandan New York suka sanar da cewa sun samu na'urar 3D da bindigogin da aka ɗab'a da ita a wani gida da ke gabashin unguwar, gidan da ke da lasisin renon ƙananan yara. Wanda aka kama a gidan saurayi ne ɗan shekara 18.