Luis Valdez: Dandalin Wasa a Bayan Motar Kaya

A watan Satumbar 1965 leburorin gonakin inabi na garin Delano, a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka shiga yajin aiki saboda ƙarancin albashi. 'Yan asalin Filifin ne suka fara, a ƙarƙashin Larry Itliong, sannan ƙungiyar Cesar Chavez da Dolores Huerta, wadda akasarin mutanenta 'yan asalin Meziko ne, ta mara musu baya. Babbar matsalar masu yajin ita ce tsoro. Lebura ya san idan ya ƙi shiga gona, gobe za a kawo wani a maye gurbinsa. A cikin wannan hali ne wani saurayi mai shekara 25, Luis Valdez, ya zo da shawarar a yi wasan kwaikwayo.

Valdez ba baƙo ba ne a Delano. A can aka haife shi a 1940, iyayensa leburorin gona ne masu bin kakar amfani daga gari zuwa gari, kuma tun yana ɗan shekara shida ya fara taya su tsinka. Ya samu ya yi karatu har jami'ar San Jose, inda ya kammala a 1964, ya kuma taɓa aiki da wata ƙungiyar wasan kan titi a San Francisco. Da ya dawo gida sai ya kafa El Teatro Campesino, wato dandalin wasan leburorin gona.

Idan muka duba yadda suka fara, za mu ga ba su da komai sai dabara. Bayan motar ɗaukar kaya shi ne dandali, 'yan wasan kuwa masu yajin ne da kansu. Kowa zai rataya kwali a wuya ɗauke da matsayinsa: mai gona, mai yaji, ko mai karya yaji. Wasannin gajeru ne, cikin Sifaniyanci da Turanci a cakuɗe, yadda mutanen ke magana. A ɗaya daga cikinsu, mai gona sanye da abin rufe fuska mai kama da alade yana ta kuka da wahalar arziki, har ya yi musayar matsayi da leburansa. Da leburan ya rufe fuskarsa da abin, sai ikon ya koma hannunsa, mai gadi ya ja ubangidan nasa ya fitar. 'Yan kallo suka ga cewa abin da suke tsoro rufi ne kawai. Wanda ka yi wa dariya a bainar jama'a, da wuya ka ci gaba da rawar jiki a gabansa.

A 1967 ƙungiyar wasan ta tsaya da ƙafarta, a 1971 kuma ta zauna a garin San Juan Bautista. Valdez ya faɗaɗa batunsa zuwa makaranta, yaƙin Biyetnam da wariyar launin fata. Wasansa mafi shahara, Zoot Suit, ya fito a Los Angeles a 1978. Ya ɗauko shi ne daga shari'ar Sleepy Lagoon ta 1942, inda aka kama samari 'yan asalin Meziko birjik kan kisan mutum guda, aka sami 12 da laifin kisa, sai kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1944. Jama'ar Los Angeles sun yi tururuwa zuwa kallo wata da watanni. A 1979 wasan ya isa Broadway a New York, karo na farko ga marubuci Ba'amurke ɗan asalin Meziko, amma can bai wuce 'yan makonni ba aka rufe.

Wannan bai tsayar da shi ba. Ya mayar da wasan fim a 1981, a 1987 kuma ya ba da umarnin La Bamba, tarihin mawaƙi Ritchie Valens wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959 yana da shekara 17. A 2016 Shugaba Barack Obama ya rataya masa lambar yabon fasaha ta ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, duk da fim da lambar yabo, Valdez bai kwashe kayansa ya koma Hollywood ba. El Teatro Campesino na nan a San Juan Bautista, cikin wata tsohuwar rumfar tattara amfanin gona, gonaki na kewaye da ita.