Mai Duba Jini: Yadda Aikin Lab Ya Samu Gindin Zama

A Bagudo, inda Kogin Kwara ke ratsa fadamun shinkafa kafin ya gangara Yawuri, sauro ɗan gida ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano ƙwayar maleriya a jinin kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi, fiye da kowace jiha. A Legas kashi 2 ne kacal. Kafin a kai ga wannan lissafi, sai da wani ya shafa ɗigon jini a gilashi, ya rina shi, ya duƙa kan madubin likita yana dubawa. Da wuya majinyaci ya san sunansa. "Je ka lab" kawai ake ce masa.

A zamanin Turawa, mai wannan aiki yaron likita ne: ya wanke kwalabe, ya koyi abin da aka ga damar koya masa. Mai neman takardar shaida kuwa sai ya zauna jarrabawar wata cibiya ta Ingila. Ma'aikatan suka haɗa kai a 1964, suka kafa ƙungiyar da yau ake kira AMLSN. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, gwamnatin Gowon ta fitar da dokar soja mai lamba 56, wadda ta ba Najeriya cibiyarta ta horarwa da jarrabawa.

Babban sauyi ya zo a 2003. Doka mai lamba 11 ta kafa hukumar MLSCN, da ikon yi wa ma'aikata rajista, ba su lasisi, da rufe duk ɗakin gwajin da bai cika ƙa'ida ba. Laƙabinsu ma ya koma "masana kimiyyar gwaje-gwaje", kuma kada a ɗauka kwalliya ce: rigimar wa zai shugabanci lab, su ko likitocin fannin, har kotu ta kai, ƙungiyar AMLSN tana gaba-gaba. A ganina, da ba don wannan naci ba, da har yanzu kallon 'yan aike ake yi musu.

Yau yaron Ka'oje ko Illo zai iya farawa daga kwalejin lafiya ta Jega, ko ya yi shekara biyar a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ya ƙara shekara guda ta horo a asibiti. Idan aiki ya dawo da shi bakin iyaka, akwai darasin da ba ya cikin manhaja. Ciwo ba ya tsayawa a shingen Tsamiya, kuma wanda ya tsallako daga Segbana ta Jamhuriyar Benin da Faransanci takardarsa take. Gwajin maleriya da nan ake rubutawa MP, can GE suke sa masa.