Allurar da ke gane injin ya shaƙe: daga jiragen Takoradi zuwa garejin Daura

Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta ratsa Nijar da ita, ta sauke a ƙasar Hausa. Garuruwan masarautar Daura da ke bakin iyaka, irin su Mai'adua da Zango da Baure, suna cikin masu fara karɓarta. Mutum kan naɗe hancinsa da rawani. Injin kuwa ba shi da wannan gata, ga shi kuma kowane kilo ɗaya na fetur da zai ƙona yana buƙatar iska kusan kilo 15. Duk iskar nan ta cikin matata guda take bi, kuma idan matatar ta cushe, sai mota ta rasa ƙarfi, direba ya taka totur ta ƙi amsawa. Daga nan ake fara cankar laifi: a sauya fulogi, a sauya famfon mai, kuɗi na tafiya, ciwo na nan.

Akwai hanyar aunawa maimakon canka, kuma ta girmi motar kanta. A 1643, Evangelista Torricelli na Italiya ya nuna cewa iska tana da nauyi, har takan ɗaga zaiba a cikin bututun gilashi kusan inci 30 a bakin teku. Wannan awon ne matuƙa jirgin sama suka gada. An sa musu agogo mai allura da ke nuna matsin iska a cikin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindodi bayan ta wuce matata da totur. Amurkawa na karanta shi da incin zaiba, Turawan Ingila da fam.

Sararin samaniyar ƙasar Hausa ya san irin waɗannan injuna tun da wuri. Ranar 1 ga Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Alƙahira. Daga Satumban 1940 kuma, da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa Bahar Rum ya zama da haɗari, sai aka riƙa harhaɗa jirage a Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, ana tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Rairayi da ƙura sun riƙa cin injunan, don haka aka liƙa wa jiragen Hurricane da Spitfire wata ƙatuwar matata ta kamfanin Vokes a ƙarƙashin hanci. Ta kare injin, amma ta rage gudu, har makanikan sojan da ke Abukir a Masar suka ƙera wata ƙarama. Darasin da aka ɗauka shi ne kowace matata tana da harajin da take karɓa daga iskar da ke wucewa, kuma allura na iya nuna yawansa.

Har yau ana koya wa matuƙan ƙananan jirage su dubi allurar kafin su tayar da injin, domin a lokacin matsin filin take nunawa. Idan aka buɗe totur gaba ɗaya, ya kamata ta dawo kusa da wurin, da ragin inci ɗaya ko makamancinsa. Ragin da ya zarce haka na nufin wani abu ya tare hanya.

A 1967 kamfanin Bosch ya mayar da wannan awo na lantarki a tsarinsa na D-Jetronic, wanda ya fara fitowa a motar Volkswagen. Daga 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin motoci mahaɗar OBD-II, wadda bakanike ke jona wa na'ura idan an ce za a sa wa mota kwamfuta. Motocin tokumbo suka kawo ta garejojinmu. Abin takaici, da yawa lambar laifi kawai ake karantawa a goge, ko a sayi sabuwar sensa, alhali ita sensar gaskiya ta faɗa.

Ga yadda lissafin yake. Daura tana kusan mita 500 sama da teku, saboda haka idan aka murɗa makulli ba a tayar da injin ba, sensa mai lafiya za ta nuna wajen kilofaskal 95 ko 96, ba 101 na bakin teku ba. A silo sai ta faɗi zuwa talatin da wani abu. A nan ne tarkon yake: a silo totur a rufe yake, shi ne babban shinge, iskar da ake ja kaɗan ce, don haka matatar da ta cushe ba ta tona kanta. Sai an hau hanya, a ce ta Kwangwalam ko ta Kazaure, an taka totur har ƙasa, wani na riƙe da na'urar. A injin da ba shi da tabo, lambar za ta koma dab da ta farko. Idan ta riƙa zamewa ƙasa yayin da injin ke ƙara juyi, to matata ce, ko roba ta lotse, ko wani tsumma ya shige bututu. Toshewar salansa kuwa akasin haka take nunawa: a riƙe totur wuri ɗaya, sai lambar ta riƙa hawa. Motar da ba ta da wannan sensa, agogon hannu da aka jona a manifol ya wadatar.

Manyan injunan dizal, na tirela da tarakta da katafilolin da ke aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ta Daura, sukan zo da ɗan ma'auni a jikin gidan matata, wanda ke nuna ja idan toshewa ta kai wajen inci 25 na ruwa. Masu ƙera su na cewa a jira shi, a daina yawan buɗe matata ana hura mata iska mai ƙarfi, domin takardar da ta ɗan kama ƙura ta fi sabuwa tacewa, wadda ta yage kuma ba ta nuna toshewa ko kaɗan. Allura za ta ce lafiya lau, ƙura na can tana cin ringi.