Gidimuni: tabki biyu, Bature ɗaya da yaron Dambanas

Wani mai karatu daga Dogo-Dogo, can gundumar Dungas, ya aiko mini da tambaya. Surukansa za su zo daga Najeriya in an gama girbi, yana son ya kai su wani wuri su buɗe ido, ga shi aljihu ba nauyi. Ina za shi da su? Malam, kai su Gidimuni. Ba ƙofa, ba tikiti, ko dala ba wanda zai tambaye ka don ka tsaya a bakin ruwa. Amma tun da ka taɓo ni, bari in ba ka labarin da za ka ba su in kun isa, don baƙo ya fi jin daɗin wuri idan an gaya masa wanda ya riga shi tsayawa a nan.

Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Mirya ta nufi Gure, tafiyar kilomita 70 ko kusa da haka. Mutumin Dogo-Dogo ba baƙon fadama ba ne, ya san Korama, ya san inda ake ɗan haƙa kaɗan a tarar da ruwa. Abin da zai tsayar da shi a Gidimuni shi ne ruwan a fili yake kwance, rani da damina, a tsakiyar tuddan rairayi, ga dabino ya yi masa zobe.

A watan Disamba na 1852 wani ayari ya sauka a wannan kwari. Jagoransa Bajamushe ne, Dakta Heinrich Barth, wanda daga Barno har Tambutu aka fi sani da Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta turo su, su uku, amma a lokacin shi kaɗai ya rage. Richardson ya mutu a Ngurutuwa a 1851, Overweg kuma zazzaɓi ya ɗauke shi a bakin tabkin Cadi a watan Satumba na 1852. Barth ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba da niyyar Tambutu, ya ratsa kufan Birnin Gazargamu, ya hau duwatsun Muniyo ya gaida sarkinta Koso a Gure, sannan ya gangaro yamma.

A littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, ya rubuta sunan wurin iri biyu, Badamuni ko Gadabuni. Kada wannan ya ruɗe ka. Mutumin da ke tafe da 'yan rakiya Barebari yana tambayar Hausawa hanya dole kunnensa ya kwaso suna fiye da ɗaya, kuma zangon da ya kwatanta, tsakanin Muniyo da Mirya, da ruwansa da tuddansa, bai dace da ko'ina ba sai Gidimuni. Ya ga idanun ruwa suna ɓuɓɓugowa daga gindin tudu ana ban ruwa da su. Ya lissafa dawa da gero, da auduga, da baba, da barkono, da albasa. Sai kuma abin da ya sa ya ɓata lokaci yana zagaye yana zana taswira: tabki biyu maƙwabtan juna, wata 'yar mashiga ta haɗa su, amma ɗaya ruwan daɗi ne, ɗaya ruwan kanwa. Har launinsu ya ce ba ɗaya ba ne.

Mai son abin al'ajabi zai so a bar zancen a nan. Ni kuwa na fi son bayaninsa, don bai rage wa wurin komai ba. Rairayin da ya kewaye kwarin yana shanye ruwan damina ya ajiye, sannan ya riƙa sako shi a hankali ta idanun nan. Inda ruwan ya fara sauka sabo ne kullum, ana sha ana ban ruwa. Inda ya je ya tsaya ba shi da mafita sai sama: rana da iskar hunturu su kwashe ruwan, su bar gishirin da ya narko daga ƙasa, shekara bisa shekara, har ya zama kanwa. Kanwar da uwargida ke jefawa cikin wake don ya yi saurin nuna, wadda makiyayi ke ba shanunsa, irin wannan kwari ne mahaifarta. In ka ga farin ɓawo a gefen da ruwa ya ja baya, tsuguna ka ɗan lasa, ka ba surukinka ma ya lasa.

To, a cikin ayarin nan akwai wani yaro da ya fi Barth kusa da mu. Sunansa Dorugu, shekarunsa ba su wuce 13 ba, haifaffen Dambanas ne, wani ƙauye wajen Kance. Mahara suka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har Kukawa, inda Overweg ya fanshe shi ya 'yanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da ubangidansu ya mutu suka koma hidimar Barth. Ka ga ke nan, ranar da Bature ke auna tabki yana rubutu, yaron da ke tsaye a bayansa yana kan hanyar komawa ƙasar da aka fitar da shi cikin bauta. Sun shiga Damagaram ranar 25 ga Disamba, suka yi wata guda da 'yan kwanaki. Dorugu bai tsaya ba. Ya bi Barth Katsina, Sakkwato, Tambutu, suka dawo Barno, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, a watan Satumba na 1855 sai ga ɗan Dambanas a Landan.

A nan rigimar take. Barth ya ɗauki yaran biyu a matsayin amana, kuma ya shirya a mayar da su gida. Sai wani malamin mishan, shi ma Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana fama da nazarin Hausa ba tare da ya zauna a ƙasar Hausa ba, ya ga tsuntsu daga sama gasasshe. Yaran suka ƙare a gidansa maimakon cikin jirgi. A wajen Schön, su suka zaɓi zama. A wajen Barth, an yi masa fashin amana ne, kuma bai ɓoye fushinsa ba. Kada a manta su biyun kishiyoyi ne a fagen harshe, kowa yana shirya littafinsa.

In ka tambaye ni, Barth ne da gaskiya. Yaro ɗan shekara 16, a ƙasar sanyi, ba uwa ba uba, ba wanda zai yi shawara da shi da harshensa sai ɗan'uwansa yaro, "ya zaɓa" ɗinsa ba ta da nauyin da Schön ya ɗora mata. Kuma wanda ya fi cin ribar zaman a fili yake: nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamusunsa a 1876, Magana Hausa a 1885, kuma bakin Dorugu ne babbar rijiyar da ya ɗiba. Sai dai ba zan yi ƙarya ba, cikin wannan ribar muka samu rabonmu. A gidan ne Dorugu ya zauna ya faɗi labarin rayuwarsa da Hausarsa aka rubuta, daga kamunsa har abin da idonsa ya gani na cin abinci da zaman Turawa. Yawancin littattafan wancan zamani Bature ne ke kallonmu. A wannan, ɗan Damagaram ne ke kallon Bature. Abbega ya koma a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu sai 1864. Ya yi tafinta, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, a can ya rasu a 1912.

Abin da ya biyo baya a bakin tabkin ba sai na ja ba. Faransawa sun zo sun tafi, farin 1973 da na 1984 sun gasa ƙasar, kwalta ta maye gurbin hanyar raƙuma. A 2011, shekarar da aka yanke Dungas daga Magarya, aka sa Gidimuni cikin sabuwar gundumar Damagaram Takaya. A watan Disamba na 2019 aka shigar da tabkin, tare da na Madarunfa, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Takarda dai ba ta tuge ciyawa: kacalla tana cin bakin ruwan, rairayi kuma yana gangarowa daga tuddan da aka sare wa itace.

Saboda haka, malam, ku yi sammako. Da hantsi tsuntsayen sun watse, amma da sassafe a cikin ɗari za ku tarar da belbela da kirinjijiya da baƙin tsuntsayen da suka ƙetaro hamada daga Turai don su yi hunturu a nan. Ku tsaya ku ga masunta suna fito da karfasa da tarwaɗa. Ku hau tudu ɗaya, kowanne, daga can ne ake ganin kwarin gaba ɗaya yadda Barth ya zana shi. Garake kuwa na mutane ne, ba a faɗa musu sai da sallama. Mai garka in ka gaishe shi da kyau shi da kansa zai zagaya da ku cikin rake da rogo. Kallo kyauta ne, amma ka riƙe 'yan canji a aljihu, don ba a kai suruki Gidimuni a dawo da shi ba ko sandar rake.