Daga Rumbu Zuwa Jami'a: Tarihin Ilmin Abinci da Darasin Birnin Gwari

Gabatarwa

Akwai wata ba'a da ta daɗe tana yawo a tsakanin ɗalibai. Idan aka tambayi mutum abin da yake karantawa, ya ce ilmin abinci da gina jiki, sai ka ji an tuntsire da dariya ana cewa, "Ashe digirin tuƙa tuwo ka zo yi!" In kuwa namiji ne, to ranar ya shiga uku. Ni kaina na taɓa yin wannan dariya, ban kuwa daina ba sai da na ga ana auna damtsen wani yaro da ɗan tsiri mai launi, uwarsa na tsaye ta ƙura wa ma'aikaciyar ido kamar mai jiran hukuncin alƙali.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in bi sawun wannan ilmi a ƙasarmu, watau yadda ya taso daga hannun kakanninmu, ya ratsa ta hannun likitocin Turawa, har ya sami kujera a jami'a. Na ɗauki ƙasar Birnin Gwari ta zama abin misali, domin da wuya a sami inda yalwar abinci da barazanar yunwa suka zauna kafaɗa da kafaɗa kamar can.

Ƙasar da Dajinta

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Katsina da Zamfara da Neja. Babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta bi ta Buruku ta nufi Tegina, ta cikinta ta ratsa. Gwarawa da Kamukawa da Hausawa da Fulani sun daɗe suna zaune a wannan ƙasa, kuma da yake ruwan sama ya fi sauka a nan bisa ga Kano ko Katsina, dawa da masara da shinkafa da wake da gyaɗa duk suna yi sosai. A shekarar 1936 aka keɓe wani yanki na dajin a ƙarƙashin En'e, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi Gandun Dajin Kamuku, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000.

Mutanen birni sukan ɗauki daji a matsayin wurin itace da namun dawa kawai. Ga macen ƙauye kuwa, daji shi ne rabin tukunyarta. Daga ɗorawa take samun kalwar daddawa da garin da yara ke sha. Daga kaɗanya take samun man kaɗe. Ga kuka, ga tsamiya, ga ɗinya da kanya, ga zuma. Rumbu ke ba da tuwo, amma miya daga daji da bayan gida take fitowa.

To, a nan ne ilmin farko yake. Kakanninmu ba su san kalmar furotin ba, amma sun san tuwon da babu daddawa a miyarsa ba ya riƙe jiki. Yau an auna an gane kalwa tana cike da furotin da mai, ganyen kuka yana da sinadarin ƙarfafa ƙashi da na ƙara jini, garin 'ya'yan kuka kuma yana da bitamin C mai yawa. Haɗa fura da nono, ko dafa shinkafa da wake, dabara ce da kimiyya ta zo ta tarar, domin abin da hatsi ya rasa na gina tsoka, shi ne wake da nono suke cikewa. Har cututtukan rashin abinci sun san su, sun kuma raɗa musu suna: tamowa ga yaron da ya ƙanjame, dundumi ga wanda ba ya gani da almuru, maƙoƙo ga kumburin wuya. Abin da ba su sani ba shi ne musabbabin kowace, shi ya sa wani lokaci akan jingina su ga iska ko maita.

Shekarun Yunwa

Tarihin abinci a ƙasar Hausa ba ya cika sai an ambaci yunwa. Tsofaffi ba sa ƙidaya ta da lambar shekara, da suna suke kiranta. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Ƙaƙalaba, ta 1927 'Yar Buhu, ta 1942 kuma 'Yar Gusau. Sannan ga farin 1972 zuwa 1974 wanda iyayenmu suka gani da idonsu. Wani masani ɗan Ingila, Michael Watts, ya tattara labarin waɗannan a littafinsa na 1983, inda ya nuna cewa rashin ruwa kaɗai bai isa ya bayyana ɓarnar ba. Harajin da ake biya da kuɗi, da karkata ga noman gyaɗa da auduga don sayarwa, sun rage wa manomi hatsin da yake ajiyewa saboda baƙar shekara.

A irin waɗannan shekaru mutanen arewa kudu suke gangarowa, zuwa ƙasashe masu damina da daji. Wanda ya san ganyen da ake ci, da saiwar da sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin dafinta ya fita, shi yake kai iyalinsa kaka. Wannan ma ilmi ne, kuma da rayuka aka saye shi.

Zuwan Ma'auni

Ilmin abinci na zamani ba tsoho ba ne ko a Turai. Kalmar bitamin kanta sai a 1912 wani masani mai suna Casimir Funk ya ƙirƙiro ta. Ba a daɗe ba abin ya iso ƙasarmu. Wajen 1929 zuwa 1930 wani likita, W. E. McCulloch, wanda ya yi aiki a Katsina, ya buga bincikensa a kan cimar Hausawa da Fulanin gida. A Ghana ta yanzu kuma, likita Cicely Williams ta bayyana wata cuta ta yara a 1933, wadda ke kumbura jiki ta sauya launin gashi, daga baya ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, watau kwashiyoko, cutar yaron da aka yaye saboda an yi masa ƙane. Ashe abin da matanmu suke gudu idan suna maganar kwanika, shi ne likitar ta rubuta.

A 1949 Dokta B. M. Nicol ya buga sakamakon aikin da ya yi a yankunan Bida da Kontagora da Zuru, maƙwabtan Birnin Gwari ta yamma da kudu. Ya bi manoma yana auna abin da suke ci, yana kuma duba jikinsu, ya mai da hankali ga ƙarancin bitamin A da wani nau'i na bitamin B. Wannan aiki ya taimaka wajen haɗa alamun da ake gani a ido da leɓe da abin da ya ɓace a cikin ƙwarya.

Sai dai kada mu manta da wani abu. Turawan mulkin mallaka suna bukatar ƙarfafan leburori da sojoji da masu biyan haraji, wannan yana daga cikin dalilan da suka sa suka damu da cimar talaka. Kuma a duk wannan zamani, mu ake aunawa, wasu ke riƙe da ma'aunin.

Shigarsa Jami'a

Bayan samun mulkin kai a 1960 ne ma'aunin ya fara dawowa hannunmu. Jami'ar Nijeriya ta Nsukka ta fara koyar da ilmin tattalin gida tun farkon shekarun 1960. A Jami'ar Ibadan aka kafa sashen da ya girma ya zama na ilmin abincin ɗan Adam, inda Farfesa Adewale Omololu ya yi suna. A 1963 kuma aka kafa ƙungiyar masana ilmin abinci ta Nijeriya.

A Arewa, hanyar ta biyo ta gona. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka fara a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Daga nan ne wata mai bincike, Emmy Simmons, ta shafe 1970 zuwa 1971 tana bin abincin gidaje a ƙauyuka uku na Lardin Zazzau. Wani babban abin da aikinta ya fito da shi fili shi ne matsayin matan kulle: fura da ƙosai da ƙuliƙuli da suke yi a cikin gida, yara na kai talla, sana'a ce babba wadda take ciyar da gari, ko da yake ba ta shiga littafin gwamnati. Sannu a hankali darasin ya sami gindin zama a manyan makarantun Arewa, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Bayero ta Kano.

To, me ɗalibin wannan fanni yake karantawa a shekarunsa huɗu? Yana farawa da kimiyyar sinadarai da ta halittu. Daga nan ya shiga yadda jiki ke narkar da abinci ya sarrafa shi, da ƙananan halittun da ke ruɓar da abinci ko su gyara shi, kamar waɗanda ke nunar da daddawa. Yana koyon tsara cimar mai ciwon sukari da mai hawan jini da mai juna biyu. Yana koyon ƙididdiga, domin ya iya shiga gari ya auna yara ya faɗi halin da suke ciki da lamba. Yana kuma fita aikin koyon sana'a a asibiti ko masana'anta. Shi ne zai gaya maka cewa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, idan kaurin damtsensa bai kai santimita 11 da rabi ba, yana bakin mutuwa ko da yana wasa. Mai karatu ya yi wa kansa hukunci ko wannan tuƙin tuwo ne.

Abin da Ilmin Ya Haifar

Kowa yana cin moriyar wannan ilmi ko bai sani ba. A 1993 Nijeriya ta wajabta sanya sinadarin aidin a gishiri, shi ya sa maƙoƙo ya yi ƙaranci a kasuwanninmu idan aka kwatanta da zamanin kakanni. A farkon shekarun 2000 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki. Awarar da yara ke saya a bakin makaranta ta yaɗu ne bayan an himmatu wajen koya wa mata sarrafa waken suya daga shekarun 1980. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, ya haɗa wani abinci na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda uwa za ta iya ba yaro mai tamowa a gida. A yunwar Nijar ta 2005, musamman a yankin Maradi, aka gwada shi a kan dubban yara, aka ga amfaninsa. Abin lura a nan shi ne, gyaɗar tamu ce.

Duk da haka aiki yana nan jibge. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Watau yankin da ya fi noma hatsi yana cikin waɗanda yaransu suka fi kasa girma.

Darasin Birnin Gwari

A cikin shekarun 2010 dajin da yake ciyar da mutane ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu satar mutane. A watan Mayu na 2018 aka kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska. Manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa, wasu sai sun biya kuɗi kafin su girbe abin da suka shuka. Idan an kore shanu, nono ya tafi. Idan mace ba ta iya shiga daji, kalwa da kaɗanya sun tafi. Ko an kawo wa ɗan gudun hijira buhun masara, an kawo masa tuwo ne babu miya, yaronsa zai ƙoshi amma ba zai girma ba. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari wadda ta daɗe a rufe, bayan wani sulhu da aka ƙulla. Sai dai yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara 2, da wuya ya rama abin da ya rasa, ko da zaman lafiya ya dawo.

Akwai kuma batun zinariya, wadda ake haƙa a wannan yanki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara, saboda ana daka duwatsun ma'adini a cikin gida, inda ake girki, inda yara ke rarrafe. A 2015 irin haka ta auku a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Masana sun tabbatar cewa jikin yaron da ke da ƙarancin jini ya fi saurin zuƙar wannan guba. Haka nan masara da gyaɗar da aka adana ba su bushe ba sukan yi hunhuna mai dafi da ke lalata hanta. Duk waɗannan suna cikin abin da ake koyarwa a ajin da muke yi wa dariya.

Kammalawa

Mun ga ilmin abinci ya bi matakai uku a ƙasarmu: na kakanni wanda aka gada baki da baki, na Turawa wanda ya zo da ma'auni, da na jami'a wanda ya kamata ya haɗa biyun. Abin tsoro shi ne na farkon yana ɓacewa. Tsohuwar da ta san ganyayen dajin Kamuku ɗaya bayan ɗaya, idan ta rasu a gidan aro a Kaduna, ta tafi da abin da babu shi a kowane littafi.

A nan ne mu ɗaliban Hausa muke da rawar takawa. Ɗan'uwanmu na sashen ilmin abinci ya san sinadari, mu kuma mun san hanyar tattara sunaye da zantawa da tsofaffi, da fassara bayani yadda uwa a Kuyello ko Dogon Dawa za ta gane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba da shawara ga mai neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ya tattara sunayen abincin daji na ƙasarsu da yadda ake sarrafa su, tun masu sanin suna raye. Ƙanenmu kuma da ke shirin cike takardar shiga jami'a, in ya ce wannan fanni yake so, mu ƙarfafa masa gwiwa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.