Bayani kan mallakar tsohon ƙaramin jirgin sama mai inji biyu

Shekaru ɗari ke nan da ɗoriya tun da jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, lokacin da wasu jirage uku na rundunar sojin saman Birtaniya suka iso Kano daga Masar a watan Nuwamba na 1925. Amma har yanzu ƙaramin jirgi na ƙashin kai, irin wanda mai shi ke tuƙawa, bai zama ruwan dare a arewacin ƙasar ba.

Ba tsadar saye ce kaɗai ta jawo haka ba. Tsofaffin jirage masu inji biyu sukan yi araha a kasuwannin Amurka da Turai, har wani lokaci su kasa masu inji ɗaya kuɗi. Dalili kuwa shi ne masu saye sun san cewa ɗawainiyar tana gaba.

Waɗanne irin jirage ne?

Ana nufin jirage masu ɗaukar mutum huɗu zuwa shida, da injin fistin da farfela a kowane fiffike, kamar Cessna 310, da Piper Aztec, da Beechcraft Baron. Akasarin waɗanda ake samu na hannu an ƙera su ne a shekarun 1960 da 1970, kafin kasuwarsu ta faɗi har kamfanin Cessna ya dakatar da ƙera jirage masu injin fistin a 1986.

Wanda aka fi sani a arewa shi ne Baron 58, domin da shi Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana koya wa ɗalibanta tuƙin jirgi mai inji biyu. Yana gudun kimanin kilomita 350 a awa, yana kuma shan mai fiye da lita 100 a cikin wannan awar.

Shin inji biyu ya fi aminci?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma amsarta ta dogara ne ga matuƙin. Idan inji ɗaya ya mutu jirgi yana can sama, ɗayan zai iya kai shi fili mafi kusa. Ga mai ratsa daji da dare, ko mai tsallaka hamada zuwa Agadas, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗarin yana wajen tashi. Jirgin da ya rasa inji ɗaya ya rasa rabin ƙarfinsa, amma abin da ya rasa na iya hawa sama yakan kai kashi 80 cikin 100, saboda yawancin ƙarfin da ya rage yana tafiya ne wajen riƙe shi a iska. Bugu da ƙari, injin da ke aiki yana jan jirgin ya karkata zuwa ɓangaren da ya mutu. Dole matuƙi ya taka fedar wutsiya nan take, ya gane wane inji ne ya tsaya, sannan ya juya fikafikan farfelarsa su daina tare iska. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Akwai jan layi a jikin ma'aunin gudu. Idan gudun ya sauka ƙasa da shi alhali inji ɗaya ne ke ja, wutsiya ba za ta iya riƙe jirgin ba, yana iya kifewa. An sha samun matuƙan da ruɗewa ta sa suka kashe injin da ke da lafiya. Shi ya sa attajirin da ke tuƙi sau ɗaya a wata ya fi zama cikin haɗari a irin wannan jirgi fiye da a mai inji ɗaya.

Zafi da ƙura

Filin jirgin saman Malam Aminu Kano yana kan tudun da ya kai kimanin mita 475 daga doron teku. A bazara, idan zafi ya kai digiri 40, iska takan yi sakayau har jirgi ya riƙa aiki tamkar yana tashi daga tsayin kusan mita 1,500, wato sama da filin Jos. A irin wannan rana, tsohon jirgi cike da mutane da mai zai yi wuya ya hau sama da inji ɗaya.

Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga watan Mayun 2002 ba, lokacin da jirgin kamfanin EAS ya zarce ƙarshen titin tashi da tsakar rana, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutane fiye da 100 suka rasu. Wannan babban jirgi ne na fasinja, amma lissafin zafi da nauyi da tsawon titi ɗaya ne ga babba da ƙarami.

Hazon hunturu kuma yana rufe gani, ƙurarsa tana toshe matatar iska, tana cinye cikin inji. Abu guda da bushewar arewa ta taimaka da shi shi ne tsatsa, wadda ta fi addabar jiragen da ke ajiye a Legas ko Fatakwal.

Mai da gyara

Waɗannan injuna ba sa shan kananzirin da manyan jirage ke sha, ba kuma sa jure fetur ɗin mota. Nasu wani fetur ne na musamman, shuɗi, mai ɗauke da dalma, wanda ake kira avgas. Shigo da shi ake yi, kuma ba kowane fili ake samunsa ba. Wahalarsa na daga cikin dalilan da suka sa kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen Diamond, masu amfani da kananzirin jirgi.

Kamfanonin da ke ƙera injunan sun ƙayyade a yi musu cikakken garambawul bayan kimanin awa 1,500 zuwa 2,000 na aiki, ko bayan shekara 12, ko da jirgin a ajiye yake. Kuɗin yi wa inji biyu wannan aiki kan kusanci kuɗin jirgin kansa, kuma da dala ake biya. Gangar jikin ma tana gajiya: a 2005 hukumar jiragen sama ta Amurka ta tilasta a binciki ƙashin fiffiken wasu samfurorin Cessna 401 da 402 saboda tsagewa.

Mai sayen sa a karar Wudil ran Juma'a yakan buɗe baki ya duba haƙora. A jirgi, littattafan gyara ne haƙoran. Jirgin da wani ɓangare na tarihin gyaransa ya ɓata, darajarsa ta zube, komai ƙyallin fentinsa.

Abin da doka ta tanada

Hukumar NCAA ce ke yi wa jirage rajista a Najeriya da lambar da ke farawa da 5N, ita ce kuma ke ba da takardar shaidar lafiyar jirgi da lasisin matuƙi da na injiniya. Lasisin tuƙa mai inji ɗaya bai wadatar ba, sai an ƙara horo da jarrabawa ta daban. Bakanike, komai ƙwarewarsa a mota, ba shi da hurumin sa hannu kan gyaran jirgi.

Izinin jirgin ƙashin kai bai haɗa da ɗaukar fasinja don kuɗi ba. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda wannan batu, don haka mai shirin rage kuɗin mai ta hanyar haya sai ya nemi wani lasisi na daban.

Ga mazaunin Wudil, wurin ajiye jirgi shi ne Kano, mai nisan kimanin kilomita 40, ko kuma Dutse a jihar Jigawa. Gyara mai nauyi kuwa yakan kai mutum Kaduna ko Zariya, wani lokaci har Legas.